Yadda Ake Gano Matsalar Hitar Ruwa Mai Aiki da Gas da Fahimtar Lambobin da Take Nunawa

Sai hunturu ya kankama a Katsina, wajen Disamba zuwa Janairu, ake tunawa da hitar gas da ke rataye a bango, wadda ta shafe watanni ba a waiwaye ta ba. Da zarar an buɗe famfo da asuba ruwa ya zubo da sanyinsa, allon na'urar kuma ya hau ƙyafta E1 ko E2, sai maigida ya yanke hukunci cewa fanel, wato allon lantarki na ciki da ke sarrafa aikin na'urar, ya ƙone. A mafi yawan na'urorin da ake kira na in duba, fanel lafiyarsa lau, abin da ke hana su aiki bai wuce ƙarancin ƙarfin ruwa, ko batir da ya mutu, ko regiletar da ba ta dace ba, ko kuma ƙura. Lambar da ke fitowa a allo tana nuna matakin da na'urar ta kai ta tsaya ne, ba ta faɗin sunan kayan da ya lalace, don haka aikin mai dubawa shi ne ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mafi araha.

Kayan aiki

Ana buƙatar sukudireba mai baki biyu da mai baki huɗu, da sifana mai daidaitawa, da tocila, da tsohon buroshin haƙori, da samfefa mai laushi, da kofin ruwan sabulu ko na omo tare da soso, da sababbin batura biyu manya masu lamba D, da robar ruwan sha mai cin lita 1.5, da waya don ɗaukar hoto da auna lokaci. Mitar gwajin wuta tana da amfani ƙwarai, amma wanda ba shi da ita zai iya yin kusan duk abin da za a bayyana a nan, sai dai ya gwada batir ta hanyar sanya sabo, soket kuma ta hanyar jona fitila ko cajar waya. Littafin da ya zo da na'urar ya fi kowane kayan aiki muhimmanci. Idan ya ɓace, a ɗauki hoton takardar da ke manne a gefen na'urar, a nemi littafin a intanet da sunan kamfanin da lambar samfurin. Ashana da laita ba sa cikin kayan wannan aiki ko kaɗan.

1. A fara da hanci

Kafin a taɓa komai, a tsaya a shaƙi iskar wurin. Idan akwai warin gas, a rufe regileta a kan tukunyar, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da yara, kada a kunna ko a kashe makunnin fitila ko fanka, domin ɗan tartsatsin da makunni ke yi ya isa ya tayar da gobara. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka a sunkuya a shaƙi kusa da daɓe da bakin magudanar ruwa. Bayan warin ya fita, a buɗe regileta, a shafa kumfar sabulu a bakin tukunya, da wurin da tiyo ya haɗu da regileta, da wurin da ya shiga na'urar, a kuma bi jikin tiyon gaba ɗaya. Inda kumfa ke kumbura tana girma, nan gas ke fita. Tiyon da ya tsattsage ko ya sandare ba a naɗe shi da salatif, canza shi ake yi, a ɗaure bakinsa biyu da kilif na ƙarfe.

Haɗari na biyu ba shi da wari ko launi, wato iskar gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ke fitowa idan gas bai ƙone sosai ba. Idan mutanen gida suna fama da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a duk lokacin da aka yi wanka, kuma abin yana lafawa idan sun fita tsakar gida, a kashe na'urar nan take, a fitar da su sarari, a kai wanda ya galabaita asibiti. Hitar da aka kafa a cikin banɗaki, ko a ɗakin da aka toshe tagoginsa da tsumma saboda sanyi, ba gyara take jira ba, ciro ta za a yi a mayar da ita wurin da iska ke ratsawa.

2. A saurari na'urar don sanin inda ta tsaya

Hitocin da ake samu a gidajenmu iri biyu ne. Akwai mai batir, wadda hayaƙinta ke tashi da kansa ta bututun sama, akwai kuma mai jona wuta, wadda ke da fanka a ciki da allon lambobi. Dukansu tsari ɗaya suke bi. Ruwa ne ke fara motsi, sai na'urar ta ji wucewarsa, ko ta wani faifan roba da ke tura ƙaramin makunni, ko ta wata 'yar farfela da ruwan ke juyawa. A mai fanka, fankar ce ke tashi bayan haka. Sai tartsatsi ya fara, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama, sannan wani siririn ƙarfe da ke cikin harshen wutar ya shaida wa fanel cewa wuta ta kama. Idan shaidar ba ta iso ba cikin daƙiƙa kaɗan, fanel zai rufe gas.

A sa wani ya buɗe famfon ruwan zafi gaba ɗaya, mai dubawa kuma ya tsaya gaban na'urar yana saurare yana leƙa 'yar tagar da ake ganin wuta. Idan shiru ne ɗungurungum, a nufi ruwa da batir ko lantarki. Idan ana jin tas-tas-tas amma babu wuta, a nufi gas. Idan wuta ta kama ta mutu bayan daƙiƙa biyar ko goma, ƙarfen jin wuta ne abin zargi na farko. Idan kuwa sai ta yi mintoci tana aiki sannan ta mutu, to zafi ya yi yawa ko hayaƙi ba ya fita.

3. A rubuta lambar, a karanta takardar jikin na'ura

A ɗauki hoton lambar kafin a zare filogi, domin da yawa suna gogewa idan wuta ta ɗauke. Babu wata yarjejeniya tsakanin kamfanoni a kan ma'anar lambobin nan, kuma nan ne masu koyo suka fi faɗawa kuskure, su ga fassarar E3 ta wani kamfani su ɗora ta a kan na'urar wani. A yawancin hitocin da ake shigowa da su daga Sin, E1 na nufin wuta ba ta kama ba, amma daga E2 zuwa sama ma'anar tana sauyawa, a wata na'urar mutuwar wuta ce ana cikin aiki, a wata matsalar fanka ce, a wata kuma zafi ne ya wuce kima. Manyan kamfanoni suna da nasu tsarin. A hitocin Rinnai, 11 rashin kamawar wuta ne, 12 mutuwarta bayan ta kama, 10 toshewar hanyar iska ko hayaƙi, 16 zafi fiye da ƙa'ida, 61 matsalar fanka, LC kuma taruwar dattin ruwa a bututun ciki. A na'urorin Vaillant, F.28 rashin kamawa ne, F.29 mutuwar wuta ana aiki, F.22 ƙarancin ruwa. A na Ariston masu dumama gida da ruwa, 501 babu wuta, 101 zafi ya yi yawa, 108 ruwan ciki ya ragu. Duk wanda ya lura zai ga cewa lambobin suna komawa ne ga abubuwa huɗu: ruwa, wuta, iska da zafi.

Takardar jikin na'urar tana ɗauke da wani bayani da ya kamata a duba tun kafin a ɗauki sukudireba, musamman idan na'urar 'yar gwanjo ce daga Turai. Idan an rubuta G20 ko NG, an ƙera ta ne don gas ɗin bututu da ake rabawa gidaje a Ingila da makamantanta, mai ƙarfin miliba 20 (miliba ma'aunin ƙarfin gas ne). Namu na tukunya shi ne LPG, wanda ake yi wa alama da G30 ko G31. Ramukan da gas ke fita a na'urar G20 sun fi faɗi, idan aka jona mata tukunyar girki sai ta riƙa ba da jan harshen wuta da baƙin hayaƙi da iskar guba. Irin wannan ba ta amfanuwa sai ƙwararre ya canza mata ramukan ya daidaita bawul.

4. Ruwa

A ganina rabin matsalar hitoci a wannan gari daga nan take. Gidaje da yawa sun dogara da burtsatse da tankin sama, tankin kuma sau da yawa a kan gajeren dandamali yake. Kowace mita 1 ta tsayi tana ba da ƙarfin kusan ba 0.1 ("ba", wato bar, ma'aunin ƙarfin ruwa ne), hitoci da yawa kuma ba sa tashi sai sun sami ba 0.2 zuwa 0.3, da gudun ruwa na kusan lita 3 a minti. Ke nan ana son tazarar mita 2 zuwa 3 aƙalla daga saman ruwan tanki zuwa kan shawa, kuma idan bututun yana da tsawo da kwana-kwana, ko wannan ba zai isa ba. Shi ya sa ake ganin hitar da ke aiki da safe lokacin da tanki ke cike, amma ta ƙi tashi da yamma bayan ruwa ya yi ƙasa.

Gwajin mai sauƙi ne. A tara robar lita 1.5 a bakin famfon ruwan zafi a buɗe shi duka. Idan ta ɗauki fiye da daƙiƙa 30 kafin ta cika, ruwan bai kai lita 3 a minti ba. Sai a rufe bawul ɗin ruwan da ke shiga na'urar, a kwance haɗin da sifana, a zaro 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwan. Yawanci za a tarar da ita cunkushe da yashi mai laushi, da ɓarɓashin salatif ɗin famfo, wani lokaci har da koren gansakuka daga tankin da murfinsa ya ɓace. A wanke ta da buroshi a mayar. Kada a jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu, domin yashin zai wuce ya cinye faifan roba ko ya tsayar da farfela. A cire kan shawa ma a gwada ba tare da shi ba. Idan na'urar ta tashi, ramukan shawar ne suka toshe.

Idan duk an yi wannan ruwan bai ƙaru ba, mafita ita ce ɗaga tanki ko sanya ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa kafin hitar. Wanda ba shi da halin ko ɗaya a yanzu, ya murɗa maɓallin ruwan da ke jikin na'urar zuwa ɓangaren da ke rage gudu, domin a hitoci masu faifan roba wannan yakan sa su tashi da ƙaramin ƙarfi, amma ya rage maɓallin gas tare da shi don kada ruwan ya yi zafin ƙuna. Akwai kuma kuskuren masu aikin famfo na juya bututun shiga da na fita, a duba rubutun da ke ƙarƙashin na'urar a tabbatar.

5. Batir da lantarki

Batir na iya yin tartsatsi amma ya kasa buɗe bawul ɗin gas, don haka jin tas-tas ba hujja ba ce cewa yana da rai. Sabo yana ba da bolt 1.5, wanda ya sauka wajen 1.3 a canza shi, kuma a canza biyun tare. Baturan da suka kwana a ciki tun bara sukan zubar da farin gishiri a kan ƙarafan akwatin, a kankare shi da samfefa har ƙarfen ya yi haske.

A mai jona wuta, a gwada soket da fis ɗin filogi. Wutar da ta yi ƙasa tana hana fanka kai gudun da ake so, sai na'urar ta nuna lambar fanka alhali fankar lafiya take, a nan sitabilaiza ce magani. Wasu na'urorin kuma, musamman na Turai, suna aiki a wutar gari amma su ƙi a janareta ko inbata, su kama su mutu, saboda hanyar da suke jin wuta tana buƙatar wayar ƙasa mai kyau da wayoyin da ba a juya ba. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne.

6. Gas

A ɗaga tukunyar a ji nauyinta. Tukunyar da ta kusa ƙarewa za ta iya kunna murhun girki amma ta kasa ciyar da hita, domin hita mai ba da lita 10 na ruwa a minti tana shan wajen kilo 1.5 a awa idan an ƙure ta. Saboda haka ne ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 take yin raɓa a jikinta har ta yi sanyi ƙalau, wuta ta riƙa raguwa ana cikin wanka, musamman da asubar hunturu. Mai kilo 12.5 ita ce mafi ƙanƙantar da ta dace. Kada a kwantar da tukunya, kada a girgiza ta, kada kuma a kusantar da ita ga wuta don ƙarfinta ya dawo.

A karanta rubutun da ke kan regileta. Ana son mai ƙaramin ƙarfi, miliba 28 zuwa 30 ko abin da takardar na'urar ta ce, wadda kuma ke iya wuce kilo 1.5 a awa. Regiletar nan mai murɗawa da masu suyar ƙosai da gidajen abinci ke amfani da ita, mai babban ƙarfi, ba ta dace da hita ba sam. Tana iya hana bawul buɗewa, tana iya kuma sa wuta ta tashi da ƙara ta lalata shi. Idan an canza tukunya yanzu, akwai iska a cikin tiyo, a buɗe famfo a rufe sau biyu ko uku, ana ba da tazarar minti guda. Idan akwai shakka a kan regileta, a jona ta da murhun girki a ga yadda wutarsa take, ko a aro wata irinta a gwada.

7. Ƙarafan tartsatsi da na jin wuta

A rufe gas, a zare filogi ko batura, a bari na'urar ta huce, a zare maɓallan gaba, a kwance murfin. A ɗauki hoton wayoyin yadda suke kafin a taɓa ko ɗaya. A saman murhun na'urar, wato inda wutar ke ci, za a ga siraran ƙarafa biyu ko uku a cikin farin tangaran, masu yin tartsatsi da mai jin wuta. Ƙurar hunturu da baƙin hayaƙi sukan lulluɓe su, sai wuta ta kama amma fanel bai sani ba. A goge bakinsu a hankali da samfefa, ba tare da lanƙwasa su ba, a tabbatar tazarar mai tartsatsi da murhu tana wajen milimita 3 zuwa 5. Idan tangaran ɗin ya tsage, tartsatsin zai riƙa tsallakewa ta gefe, canza shi za a yi. A bi wayoyin da tocila, domin ɓeraye suna son su.

A share ramukan murhun da buroshi, a kwashe yanar gizo-gizo da ke bakin hanyoyin iska. Ba a zura allura ko waya a ramukan da gas ke fita, faɗaɗa su ko da kaɗan yana ɓata ƙonewar. Bayan an mayar da murfi, a kunna a duba wutar: shuɗiya ake so, a tsaye, a jere daidai. Ja ko rawaya mai lilo, da baƙin tabo a jikin murfi ko bango, alama ce ta ƙonewa mara kyau, a kashe har sai ƙwararre ya gani.

8. Hayaƙi da yawan zafi

Na'urar da ke mutuwa bayan mintoci, a fara da leƙa bututun hayaƙinta daga waje. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki a watannin da ba a amfani da ita, tsuntsaye da ƙadangaru ma sukan shiga. A mai fanka akwai wani siririn tiyon roba da ke zuwa makunnin jin iska, idan ya zare ko ya toshe za a ga lambar fanka. Iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa a wannan lokaci, idan tana bugun bakin bututun kai tsaye, takan mayar da hayaƙi ciki ta kashe wuta, sai a sa masa hula ko a juya bakinsa. Wasu hitocin an ƙera su su kashe kansu bayan minti 20 don kariya, wannan ba lalacewa ba ce, rufe famfo da sake buɗewa ya wadatar.

Yawan zafi yakan zo ne daga ƙure maɓallin gas tare da rage na ruwa, sannan a riƙa surkawa da ruwan sanyi a famfo, wanda ke ƙara rage ruwan da ke ratsa na'urar. Gara a daidaita zafin a jikin hitar, wajen digiri 40 zuwa 45, a bar surki. Idan kuma ana jin ƙara kamar ta tafasa a ciki, ruwan zafi ya ragu alhali na sanyi yana da ƙarfi, to farin dattin ruwa ya taru a bututun jan ƙarfe, kamar yadda yake taruwa a gindin butar shayi. Ana wanke shi da farin ruwan khal, a cire bututun shiga da na fita, a riƙa zagaya shi da ƙaramin injin ruwa daga bokiti na tsawon minti 45 zuwa awa 1. Idan babu injin, a ɗura shi da mazurari da guntun tiyo, a bar shi ya jiƙa, a zubar, a maimaita, sannan a ɗauraye sosai. Ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil suna huda jan ƙarfe, a nisance su.

Makunnin da ke kashe na'ura idan zafi ya yi yawa, da na hayaƙi, wasu masu gyara sukan haɗe wayoyinsu don lambar ta ɓace. Wannan cire wa na'urar kariyarta ne, duk wanda ya kawo wannan shawara, a sallame shi.

9. Sake kunnawa da iyakar aikin maigida

Bayan kowane gyara ɗaya, a sake kunnawa a gwada kafin a wuce na gaba, don a san abin da ya yi magani. Ana goge lamba ta danna maɓallin da aka tanada, ko rufe famfo da zare filogi na minti guda. Kada a wuce sau biyu ko uku a jere, domin kowane yunƙuri yana sakin ɗan gas a cikin na'urar, idan ya taru sai ya kama da ƙara.

Wanda ke da babbar na'ura irin ta Turai mai agogon ƙarfin ruwa a gaba, ya duba allurar tana tsakanin ba 1 da 1.5 idan na'urar ta huce. In ta sauka, a buɗe bawul ɗin cikawa a hankali har ta koma wurinta, a rufe shi gam. Idan tana yawan sauka, akwai inda ruwa ke yoyo.

Kwance bawul ɗin gas, daidaita ƙarfinsa, canza ramukan gas, canza fanka ko fanel, da gyaran bututun jan ƙarfe da ya huje, duk aikin ƙwararre ne mai kayan auna gas. Idan za a kira shi, a tura masa hoton lambar da na takardar jikin na'urar, a gaya masa matakin da take tsayawa da abubuwan da aka riga aka gwada. Idan ya ce fanel ne, a nemi ya nuna gwajin da ya yi wa batir ko lantarki, da ƙarfin gas, da ƙarfen jin wuta, a kuma roƙe shi ya bar tsohon fanel a gida har sai sabon ya yi mako guda yana aiki.